Ba Kowane Tabo Ne Tawadar Allah Ba

Ranar suna ce ake fara ƙare wa jariri kallo. Ungozoma ta riƙe shi, wanzami na aski, goggo da inna suna leƙe, kowa na neman kamannin gidansu. Idan aka ga wani tabo a wuya ko a cinya, kaka ce ke yanke magana: "Tawadar Allah ce, ku bar ta." Maƙwabtanmu Larabawa a nan Gadarif wahama suke cewa, wai uwar ce ta yi kwaɗayin wani abu tana da ciki ba ta samu ba, sai abin ya fito a fatar ɗan. Mu ma muna da irin wannan zance, Turawan dā ma sun daɗe a kansa. Kwaɗayin uwa ba ya zana komai a jikin ɗa, amma hukuncin kaka na cewa a bar tabon kusan kullum daidai ne. Can ba a rasa ba yake zama kuskure, kuma wannan kuskuren yana iya tafiya da ran yaro cikin makonni kaɗan. Labarin yadda likitoci suka koyi tsame wannan ɗayan daga cikin dubban nake so in bayar, domin su kansu sun shafe shekara hamsin da bakwai suna kiran abubuwa biyu da suna ɗaya.

Abu na farko shi ne ƙarin jijiyoyin jini da aka saba gani, wanda likitoci ke kira hemanjiyoma. Jariri huɗu ko biyar cikin ɗari suna yin sa, ya fi yawa a 'yan mata da bakwaini da masu farar fata. Ba a cika haihuwar yaro da shi ba. Bayan mako biyu ko uku sai a ga ɗan ja ya ɓullo, ya yi ta tasowa har wata biyar, taushi gare shi kamar nunannen tumatir, ba zafi ba ciwo. Daga nan sai ya tsaya, ya fara kodewa daga tsakiya, kafin yaro ya shiga makarantar allo yawancinsa ya motse. A 1938 wani likitan Ingila mai suna Lister ya buga sakamakon bin diddigin irin waɗannan yara na tsawon shekaru, ya nuna cewa da kansa yake bajewa. Sai dai maganarsa ba ta shiga kunne da wuri ba. Zamanin radiyom ne, kowa na ɗokin sabon makami. A birnin Stockholm kaɗai an gasa wa yara kusan 14,000 irin wannan tabo tsakanin 1920 da 1959, kuma da aka bi su bayan sun girma aka tarar cutar daji ta maƙoshi da ta nono ta ɗan fi yawa a cikinsu. Garin neman gira aka taɓa ido, a kan tabon da in an ƙyale shi zai tafi don kansa.

Abu na biyu ya shiga littattafan likitanci ne a 1940, daga asibitin jarirai na jami'ar Columbia a New York. An kawo wani yaro ɗan wata biyu da kumburi a cinyarsa ta hagu, mai tauri, yana girma da sauri, jikinsa kuma ya cika da ɗige-ɗigen jinin da ya tsattsafo ƙarƙashin fata. Likitoci biyu ne suka rubuta labarinsa. Haig Kasabach, ɗan asalin Armeniyawa, masanin hoton ƙashi da gashi ne. Katharine Merritt kuwa likitar yara ce, a zamanin da mata likitoci ba su da yawa. Da suka auna jinin yaron sai suka ga ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun kusa ƙarewa. Waɗannan ƙwayoyi su ne ake rubutawa safa'ih a takardar awon jini ta asibitocin Sudan, da wannan sunan zan ci gaba da kiransu. Suka yi masa ƙarin jini, suka gasa ƙarin, kumburin ya sauka, safa'ih suka dawo, yaron ya rayu. Kasabach ya rasu shekara uku bayan haka, Merritt ta kai shekara ɗari a duniya, sunayensu biyu kuwa suka manne wa wannan hali har yau: ƙari a jikin jariri, haɗe da ƙarewar safa'ih.

Abin da ke faruwa a cikin wannan ƙari, duk wanda ya taɓa ganin masunta a kogin Rahad zai gane shi. Jijiyoyin da ke ciki ba miƙaƙƙu ba ne, a cukurkuɗe suke, matsattsu, kamar koma. Jini na ratsawa, safa'ih na maƙalewa, suna dunƙulewa, suna jawo zaren da jini ke saƙa gudansa da shi, wato fibirinojin, har ya ƙare a sauran jiki. Lafiyayyen mutum yana da safa'ih 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin da ake amfani da shi. Irin wannan jariri yakan faɗo ƙasa da 30,000, wani lokaci ƙasa da 10,000. Jini yana daskarewa a wuri guda, ko'ina kuma yana tsinkewa. Ƙarin yana ƙara kumbura da jinin da ya tare, yaro yana yin fari fat, kuma abin da ake tsoro shi ne jini ya ɓalle a cikin kai ko ciki ko huhu.

Kasabach da Merritt sun ga abin da kyau, amma sunan da suka ba ƙarin shi ne sunan zamaninsu, hemanjiyoma. Kalmar nan a lokacin buhu ce da ake cusa komai a ciki: jan tabon da ke bajewa, da shuɗin kumburin jijiya da ba ya bajewa har tsufa, da shimfiɗaɗɗen tabon fuska, duk sunansu ɗaya tun rabe-raben da Rudolf Virchow ya yi a Jamus a ƙarni na 19. Sai ɗaliban likitanci a duk duniya suka haddace cewa hemanjiyoma idan ya yi girma yakan cinye safa'ih. Ɓarnar wannan jimla ta faɗa ta fuska biyu. Iyayen yaran da tabonsu ba shi da illa aka tsorata su, aka yi ta tsirar jariran da allura ana awon jini a banza. Yaran da ke cikin haɗari na gaske kuwa aka ce wa iyayensu su yi haƙuri, zai baje da kansa. Kama da wane ba ta wane ba.

A 1967 aka lura cewa kotizon yana rage girman wasu daga cikin waɗannan ƙari, ya zama maganin farko na shekara arba'in. Yana aiki a wasu, a wasu kamar an shuka dusa, ba wanda ya san dalili, tunda ba a san cututtuka daban-daban ake ba magani ɗaya ba. Hasken farko daga Boston ya fito. A asibitin yara na can akwai wani likitan tiyata, Judah Folkman, wanda tun 1971 yake cewa babu ƙarin da zai girma sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyin jini, don haka in aka hana jijiyoyin tsirowa an kashe shi da yunwa. A inuwar wannan tunani John Mulliken da Julie Glowacki suka duba naman da aka yanko daga marasa lafiya, a 1982 suka zazzage buhun suka kasa shi biyu. Kashi ɗaya ƙari ne na gaske, ƙwayoyinsa suna hayayyafa. Ɗayan kuwa tawayar halitta ce, jijiyoyi ne da suka ginu a karkace tun a ciki, suna girma daidai da girman yaro, ba sa bajewa. A kan wannan rabo aka gina duk abin da ya biyo baya.

Akwai wani babi da ba na iya wucewa ba tare da zuciyata ta sosu ba. A 1992 Folkman da Mulliken da Alan Ezekowitz suka ba da rahoton jarirai 20 da ƙari ya kusa hallaka su, kotizon ya gaza, aka yi musu allurar intaferon kullum, 18 suka samu sauƙi. Duniya ta yi murna, maganin ya bazu. Bayan shekara shida, daga wannan asibitin dai, wani rahoto ya fito: cikin yara 26 da aka yi wa allurar, biyar ƙafafunsu sun sandare saboda maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa, wasunsu kuma ba su warware ba. Na jinjina wa likitocin da suka fito suka faɗi illar maganin da su ne suka tallata shi. Amma ina tuna uwayen da aka ceto musu 'ya'ya daga mutuwa, suka zauna suna jiran ranar da yaro zai taka ƙasa.

Sunan gaskiya ya zo ne daga masu duba nama a madubin likita. A 1993 Lawrence Zukerberg da Brian Nickoloff da Sharon Weiss suka bayyana yara tara masu wani ƙari da ƙwayoyinsa dogaye ne masu tsini biyu kamar mazari, jere-jere, da 'yan tsagu a tsakaninsu cike da jini. Ya yi kama da cutar dajin da Moritz Kaposi ya bayyana a Vienna a 1872, wadda a lokacin take ta kashe masu ƙanjamau, don haka suka raɗa masa suna mai ma'anar ƙarin jijiyoyin jini mai kama da na Kaposi, a taƙaice KHE. Kamar ce kawai. Ba shi da alaƙa da ƙanjamau, ba a samun ƙwayar cutar da ke haddasa ta Kaposi a cikinsa, ba ya yaɗuwa zuwa gaɓoɓin nesa. Muguntarsa a inda yake take: yana kutsawa cikin kitse da tsoka har ƙashi, ba shi da iyakar da wuƙa za ta bi. Yana da ƙane mai sauƙin hali wanda aka bayyana a 1989, jijiyoyinsa a dunƙule tuntu-tuntu, yau ana ɗaukar su 'yan ɗaki ɗaya.

Sai 1997, shekarar da aka warware ƙullin. Ƙungiyoyi biyu, kowace tana aikinta daban, suka koma kan tsofaffin takardu da gutsattsarin naman yaran da aka ce hemanjiyoma ya cinye musu safa'ih. Odile Enjolras da abokan aikinta a Paris suka duba yara 22, su Mulliken a Boston suka duba 21. Babu ko ɗaya da yake da hemanjiyoman da aka sani. Duk inda aka samu naman dubawa, KHE ne ko ƙanensa. Cikin 21 na Boston, biyar sun rasu, wannan kuma a ɗaya daga manyan asibitocin yara na duniya. A 2000 wata likita a Arkansas, Paula North, ta ƙara hatimi: ta gano wani sinadari, GLUT1, da ke kan jijiyoyin hemanjiyoma na gaske, babu shi a KHE. Tun daga nan ɗan gutsuren nama da rini sun isa su raba gardama.

To yaya ake gane shi kafin a kai ga madubi? A 2013 asibitin Boston ya tattara bayanin mutum 107 da aka turo masa. Ya ƙiyasta cewa a jiharsu sababbin masu kamuwa ba su kai yaro ɗaya cikin miliyan ba a shekara, kuma kashi 71 cikin ɗari na waɗanda ya gani safa'ih ɗinsu sun faɗi. Maza da mata daidai yake kamawa. Kusan rabi da shi ake haifarsu, yawancin sauran kafin su shekara. Guda ɗaya ne yawanci, a cinya, ko kafaɗa, ko wuya, ko kwiɓi. Hannu ya fi ido gane shi: tauri gare shi kamar itace, da ɗumi, yaro na tsandara kuka in an taɓa, fatar wurin ta miƙe tana ƙyalli, ba a iya cewa ga inda ya tsaya. Littattafan Turawa suna cewa launinsa ja ne mai ratsin shuɗi, amma a fatarmu abin da za a gani duhu ne, wurin ya fi sauran jiki baƙi kamar an daki yaro jini ya taru. Ɗige-ɗigen jinin ma ba sa fitowa sosai a baƙar fata, sai an buɗe baki an duba dasashi da ganɗa, an ja fatar ido, an duba tafin ƙafa. Kusan ɗaya cikin goma kuwa babu komai a fata, ƙarin na can cikin ƙirji ko bayan hanji, kuma su ne suka fi haɗari.

Magungunan da ake ba waɗannan yara yau, babu wanda aka ƙirƙira dominsu, duk aro ne. Binkiristin daga wata fulawa aka samo shi, 'yar asalin Madagaska, mai fure ruwan hoda ko fari, wadda ake shukawa don ado a tsakar gidaje a Sudan ana ce mata winka. Masu bincike a Kanada da Amurka sun fara duba ta ne saboda an ce tana maganin ciwon sukari, sai suka tarar tana hana ƙwayoyin jiki rabuwa. A 1963 aka amince da binkiristin, ya zama ginshiƙin maganin cutar dajin jini ta yara. A 2002 aka buga rahoton jarirai 15 masu ciwon Kasabach da Merritt da aka yi wa allurarsa, safa'ih ɗinsu suka farfaɗo. A 2013 taron masana a Amurka da Kanada ya sa shi tare da kotizon a sahun farko. Ta jijiya ake ba da shi mako-mako, kuma in ya zuba a waje da jijiya yana ƙona nama. Kada wani ya ji wannan ya tsinko winka ya dafa wa jariri. Ganyen guba ne, kuma sai an tace tarin ganye mai yawan gaske ake samun ɗan abin da ake bukata.

A 2008 faɗuwa ta zo daidai da zama a birnin Bordo na Faransa. Wata likitar fata, Christine Léauté-Labrèze, tana kula da jariri mai hemanjiyoma a hanci, kotizon ya kumbura masa tsokar zuciya, aka ba shi furofaranolol, tsohon maganin zuciya da hawan jini da James Black ya haɗa tun shekarun 1960. Kwana ɗaya tak launin ƙarin ya sauya, ya yi laushi. Ta gwada a wasu, ta ba da rahoton yara 11, cikin 'yan shekaru wannan magani mai araha ya kori kotizon daga fagen hemanjiyoma. Ga jaririn da ƙari ke neman rufe masa ido ko maƙogwaro, rahama ce babba. Amma a nan ne tsohon ruɗanin suna ya samu sabuwar hanyar cutarwa, domin furofaranolol ba abin dogaro ba ne a KHE. Likitan da ya kira tauraren kumburin nan hemanjiyoma, ya rubuta wannan magani ya ce a dawo bayan wata, ya sallami yaro da safa'ih ɗinsa suna tsiyaya.

Maganin da ya sauya lissafi daga ƙasa ya fito, ƙasar da ake takawa. A ƙarshen 1964 wata tawagar likitocin Kanada ta sauka a tsibirin Rapa Nui, can tsakiyar tekun Fasifik, mai manyan gumakan dutse. Wani masanin ƙananan halittu, Georges Nógrády, ya ɗebi ƙasa daga sassan tsibirin. Samfurin ya ƙare a ɗakin binciken kamfanin Ayerst a Montreal, inda Suren Sehgal, haifaffen yankin Punjab, ya tace wani sinadari daga wata ƙwayar bakteriya a farkon shekarun 1970, aka sa masa suna rafamaisin don tunawa da tsibirin. Maganin makero da makamantansa aka so yi da shi, sai aka ga yana danne garkuwar jiki, aka yi sanyi da shi. Da kamfanin ya rufe ɗakin binciken a farkon shekarun 1980, Sehgal ya ɗauki 'yan kwalaben bakteriyar ya ɓoye a firjin gidansa, ya ƙaura da su, ya jira shekaru har aka samu shugabannin da suka saurare shi. A 1999 Amurka ta amince da maganin, da sunan sirolimus, don masu dashen ƙoda. Aikinsa shi ne toshe wani makunni a cikin ƙwayar jiki wanda ke ba ta umarnin girma da rabuwa, kuma jijiyoyin KHE, musamman ɓangarensu mai kama da magudanan ruwan jiki, sun dogara da wannan makunni ƙwarai.

A 2010 aka buga labarin yaro na farko mai KHE da komai ya gaza a kansa, sirolimus ya tashe shi. A 2011 Adrienne Hammill da Denise Adams a Cincinnati suka kawo yara shida masu cututtukan jijiya iri-iri, a 2016 kuma gwaji mai mutum 61. Amsa mafi ƙarfi daga Sin ta zo, inda yawan jama'a ya sa cutar da ba a cika gani ba take taruwa a asibiti ɗaya. A 2022 Yi Ji da abokansa na Chengdu suka raba yara 73 kashi biyu. Waɗanda aka ba sirolimus tare da ɗan gajeren zangon kotizon, 35 cikin 37 safa'ih ɗinsu suka dawo suka zauna. Waɗanda aka ba sirolimus shi kaɗai, 24 cikin 36. Sha ake yi, sau biyu a rana, ba sai an nemi jijiya ba. Sai dai yana da nasa sharuɗɗan. Dole a riƙa auna yawansa a jini. Yana raunana garkuwa, har an rasa jarirai ta ciwon huhu suna kan shansa, shi ya sa ake haɗa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta Septrin. Rigakafi mai rayayyar ƙwaya, irin na tarin fuka da ɗigon shan-inna da na ƙyanda, ba a yi wa yaro yana kan maganin sai da izinin likitansa. A ƙasar da waɗannan cututtuka ke yawo, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Yanzu mu dawo gida. Hausawan wannan yanki jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, da waɗanda suka biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda noman dawa da riɗi ya jawo tun da aka fara noman injin a Gadambaliya a shekarun 1940. Da yawansu ba a cikin gari suke ba, suna ƙauyukan bakin Rahad da Atbara, inda baƙar laka ke riƙe mota daga Yuni zuwa Oktoba. Jaririn da aka haifa da damina a irin waɗannan wurare, tsakaninsa da awon jini akwai tarakta da kwana ɗaya ko biyu a hanya. Idan ya iso, wani tarkon na jiransa. A Gadarif ƙarancin safa'ih ba baƙon abu ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo shi, kala'azar da ta yi wa jihar nan katutu tana kawo shi, zazzaɓin dengi da ya ɓarke a 2023 yana kawo shi, haka ƙwayar cuta idan ta shiga jinin jariri. Likitan da ya ga ƙananan lambobi a takarda, hankalinsa can zai fara tafiya, kuma yana da hujja. Kumburin mai zafi da tauri kuwa sak maruru ne da bai nuna ba, ko ciwon ƙashi. Abin da ke haɗa zaren shi ne a tuɓe jaririn tsaf, a taɓa kumburin, a dubi takardar, a tambayi kai ko su biyun abu ɗaya ne.

Abubuwa biyu ne nake jin tsoronsu, kuma dukansu da kyakkyawar niyya ake yin su. Na farko a gida yake. Kumburi mai zafi a al'adarmu sakiya yake nema, ko tsaga, ko ƙaho, a wajen maƙwabtanmu Larabawa kuma mai maganin gargajiya da suke kira basir ya ɗora wuta. Ba na raina wanzamai, sun yi wa jama'a hidima ɗaruruwan shekaru a inda babu kowa. Amma babu mugunya a cikin wannan ƙari, jini ne zalla, a jikin da ya rasa abin tsayar da jini. Aska ɗaya ta isa. Jaririn da ke da irin wannan kumburi, ko cire beli da kaciya ma a dakata da su sai an auna jininsa. Na biyu a asibiti yake. Likita ya ga safa'ih 8,000, hannunsa zai kai ga neman jakar safa'ih a ƙara wa yaro, haka aka koya masa, kuma a yawancin cututtuka daidai ne. A nan kuwa ɗiban ruwa ne da kwando, har ma ya fi haka muni: ƙarin ne ke kame su cikin 'yan sa'o'i, ya ƙara kumbura, ya ƙara zafi. Ƙa'idar masana ita ce ba a ƙara safa'ih sai in jini yana zuba a zahiri ko za a shiga tiyata. Jan jini ana ƙarawa in yaro ya yi fari sosai, fibirinojin ma ana mayarwa in ya ƙare, amma lambar da ke takarda ba ta gyaruwa sai ƙarin ya lafa.

Dā hanyar irin wannan yaro sananniya ce. Daga asibitin koyarwa na Gadarif a tura shi Wad Madani, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai, inda cibiyar cutar daji ta jami'ar Jazira ke da sashen yara, ko Khartum, asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf, ko na Soba, ko asibitin cutar daji na Zarra da aka buɗe a 1967. Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023 ya datse Khartum, a Disambar wannan shekara Madani ta faɗa hannun dakarun RSF da ke yaƙi da sojoji, sai hanyar ta juya: marasa lafiya da likitocinsu suka kwararo gabas, Gadarif da ke turawa ta zama mai karɓa, a kan 'yan gudun hijirar Tigray da ke Um Rakuba tun 2020. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, amma asibitin da aka wawashe ba ya tashi rana ɗaya.

Duk da haka, abin da ake fara bukata bai fi ƙarfin garin nan ba. Awon jini na gama-gari, wanda kowane ɗakin gwaji ke yi, shi ke nuna safa'ih. Na'urar hoton ciki da ake duba masu juna biyu da ita tana nuna ƙari mai cike da jijiyoyi marar iyaka, ta kuma nuna babu mugunyar da za a fasa. Idan siffar kumburin da lambobin jini sun dace, masana da yawa ba sa jiran a yanki nama, tunda yankan kansa haɗari ne. Kotizon yana kowane kantin magani, binkiristin yana duk inda ake kula da yara masu cutar dajin jini, sirolimus kuwa masu dashen ƙoda sun san hanyar samunsa, ko da daga Masar ne. Hoton kumburin da na takardar awo, a tura ta waya, yana isa ga ƙwararre a Bur Sudan ko Alƙahira ko Riyad kafin a gama shan shayi.

Yaron da ya tsallake, safa'ih ɗinsa kan dawo cikin makonni, amma magani yakan kai shekara ɗaya ko biyu, kuma in an yanke shi da wuri ƙarin na iya farkawa. Ba ya ɓacewa sarai kamar hemanjiyoma. Yakan bar tabo mai duhu da tauri, wani lokaci ƙafa ko hannu ya riƙa kumbura, ko gaɓar da ke kusa ta ƙage in ba a yi ta motsa ta ba, wanda ke kusa da ƙashin baya kuma yana iya karkata shi yayin da yaro ke tsawo. Shi ya sa ake so a riƙa kawo shi dubawa har ya girma, a kuma dawo da shi da sauri duk ranar da wurin ya sake ɗumi ko ya yi tauri bayan zazzaɓi ko faɗuwa.